Allo Mai Ramuka: A Gama Aikin a Takarda Kafin a Kunna Ƙarfen Liƙi

Duk wanda ya shiga harkar haɗa ƙananan na'urorin lantarki, ko don sha'awa, ko ɗalibin kwalejin fasaha da ke shirin aikin kammala karatu, ko yaron shagon gyaran rediyo da ke son ƙera abin kansa, akwai ranar da zai tsaya yana tunanin inda zai kafa da'irar da ya gwada ta yi aiki, ta yadda za ta zauna daram. Mafi sauƙin amsa ita ce allo mai ramuka: ɗan faranti siriri mai kaurin kusan milimita 1.6, wanda aka huhhuda a jere, kowane rami da zoben tagulla a bakinsa don dalma ta kama. Ina ganin babu wani abu da ya kai wannan allo dacewa da mai koyo, amma da sharaɗi guda, kuma a kan wannan sharaɗi jagorar nan ta ginu: a gama tsara komai a takarda kafin ƙarfen liƙi ya yi zafi. Yawancin allunan da ke ƙin aiki ba kayan da ke kansu ne suka lalace ba, kuma ba hannun mai liƙin ne ya gaza ba. An fara dasa kaya ne ba tare da an san inda wayoyi za su bi ba.

Dalilin wannan sharaɗi yana cikin ƙirar allon kansa. Tsakanin kowane rami da maƙwabcinsa milimita 2.54 ne, wato kashi ɗaya cikin goma na inci, kuma ba a zaɓi wannan awo da ka ba. Shi ne tazarar ƙafafun ayisi masu layi biyu, da na soket ɗinsu, da na fil-fil ɗin da ake soka wayoyi, har da na ragileta irin 7805. Saboda haka kusan duk wani kaya mai ƙafafu yana zama a kan allon ba tare da an tilasta masa ba. Amma zoben tagullar kowane rami zaman kansa yake yi, bai haɗu da kowa ba. Allon kamar fili ne da aka yanka fuloti ba a fitar da tituna ba: wanda ya fara gini kafin ya ja layin hanya zai wayi gari da unguwar awon igiya, inda kowace waya sai ta tsallake wata kafin ta isa inda za ta. Allon ba ya yanke wa mutum shawara ko guda. Wannan 'yanci ne ya sa ake iya gina kowace irin ƙaramar da'ira a kansa, kuma shi ne ke kayar da mai gaggawa.

Kafin a zo ga tsari, ya kamata a san abin da ake saye, domin alluna iri-iri ne. Akwai mai ruwan ƙasa-ƙasa, wanda aka yi da takarda da aka jiƙa da wani irin ƙaro, ana yi masa lamba FR-2. Yana da araha, yana yankuwa cikin sauƙi, amma zobensa na tagulla yana ɓallewa idan aka dafa shi da ƙarfe sau biyu ko uku. Akwai na zaren gilashi mai lamba FR-4, galibi kore, wanda tagullar ta ratsa cikin ramin daga wannan fuska zuwa waccan. Ya fi tsada, amma yana jure zafi da gyara, kuma shi nake ba mai koyo shawara ya saya, domin mai koyo ne ya fi kowa bukatar ya cire abu ya mayar. Sannan akwai allo mai layukan tagulla dogaye da suka haɗa ramukan jere guda, wanda kamfanin Vero ya fito da shi a Ingila a farkon shekarun 1960 da sunan Veroboard. Sunan ya bi bakin mutane har masu sayar da kayan lantarki a kasuwanninmu kan kira kowane allo mai ramuka da shi, don haka a juya bayan allon a duba kafin a biya kuɗi. Ƙaramin allo na santimita 5 da 7 ya ishi yawancin ayyukan farko.

Tsari ba ya bayyana sai da misali, kuma babu misalin da ya kai ayisi mai lamba 555, wadda Hans Camenzind ya ƙirƙira wa kamfanin Signetics na Amurka, ta shiga kasuwa a 1972, kuma har yau ana ƙera ta. A ce ana son ta riƙa kunna ƙaramin ƙwan LED tana kashewa da batir mai bolt 9. Ƙafa ta 8 da ta 4 suna zuwa fozitif, ta 1 tana zuwa nagatif. Razista mai kilo-om 1 tana tsakanin fozitif da ƙafa ta 7, wata mai kilo-om 68 tana tsakanin ta 7 da ta 6. Ƙafa ta 6 da ta 2 a haɗe suke, kuma daga nan kafasita mai maikrofarad 10 ke sauka zuwa nagatif. Ƙafa ta 5 tana samun ƙaramar kafasita mai nanofarad 10 zuwa nagatif, ta 3 kuma ita ke fitar da wuta ta cikin razista mai om 470 zuwa ƙwan. Lissafin saurin ƙiftawar shi ne a ninka razista ta biyu sau biyu, a tara da ta farko, a ninka da kafasita, sannan a raba 1.44 da abin da ya fito. Da waɗannan kaya amsar ta ɗan haura ɗaya, wato ƙwan zai ƙifta kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa.

A zanen da'ira wannan abu ne mai sauƙi, amma a duba yadda ƙafafun suke zaune a zahiri. Idan aka ajiye ayisin, ɗan tsagin da ke kanta yana sama, ƙafa ta 1 tana sama a hagu, a gangara zuwa ta 4 a ƙasa, a tsallaka dama ta 5 tana ƙasa, a haura zuwa ta 8 a sama. Ke nan ta 2 tana fuskantar ta 7, ta 3 tana fuskantar ta 6. Wayar da za ta haɗa ta 2 da ta 6, da wadda za ta haɗa ta 4 da ta 8, idan kowacce ta miƙe kai tsaye, dole su gitta juna a ƙarƙashin ayisin. Wanda bai zana ba sai ya liƙa ta farko sannan ya gano babu hanyar ta biyu. Wanda ya zana kuwa tun a takarda zai ga cewa tsakanin layukan ƙafafun biyu akwai milimita 7.62, wato jeri biyu na ramuka da babu kowa a cikinsu. Sai ya bi ta nan da waya tsirara ya haɗa ta 2 da ta 6 a bayan allo, ya ɗauki waya mai riga ya kai ƙafa ta 4 zuwa fozitif ta gefe. Ayisi mai ƙafa takwas kacal ke nan. Mai ƙafa goma sha shida ko ashirin da takwas fa?

Yadda ake zanen shi ne a samu takarda mai gida-gida irin ta littafin lissafi, a ɗauki kowace mahaɗar layi a matsayin rami guda, a yi aiki da fensir da abin gogewa. A fara jan layuka biyu dogaye, fozitif a saman takarda, nagatif a ƙasa, domin su ne kowane kaya ke nema. A sa ayisi a tsakiya, a bar mata ramuka huɗu ko biyar ta kowane gefe. Sannan a zaunar da sauran kaya kusa da ƙafar da suke yi wa hidima, ana auna su da girmansu na gaske: razista ta kwatan wat idan aka lanƙwasa ƙafafunta tana cin tazarar milimita 10.16, wato akwai ramuka uku a tsakanin ƙafafunta, kafasita mai gwangwani kuma jikinta yana rufe ramukan da ke kewaye da ita ko da ƙafafunta suna kusa da juna. A ƙara wata kafasita mai nanofarad 100 tsakanin fozitif da nagatif, daf da ayisin, domin 555 takan fizgi wuta a duk sa'ad da ta juya, kuma wannan kafasita ce ke hana fizgar ta girgiza sauran da'irar. Hanyoyin da za su bi ta bayan allo a zana su da launi ɗaya, masu tsallakawa ta gaba da wani launi. A ƙarshe a bi zanen da'irar asali layi bayan layi, ana soke kowane haɗi da aka tabbatar yana cikin tsarin.

Akwai wani mataki da ake yawan tsallakewa, kuma shi ne ya fi cinye ayisi. Kaya suna zama a gaban allo, liƙi kuwa a baya ake yinsa, kuma da zarar an kifa allon hagu ta koma dama. Ƙafa ta 1 da ke hagu yanzu tana dama, ta 8 ta dawo hagu. Wanda ya manta da haka zai kai fozitif inda nagatif ya kamata ya je, ayisin ta yi zafi ta mutu cikin daƙiƙu. Maganin abin shi ne a yi zane na biyu, juyayye, na fuskar baya. Hanya mafi sauƙi ita ce a danna fensir sosai a zanen farko, a kifa takardar a jikin gilashin taga da rana, a bi layukan ta baya. A kuma ɗiga alama da maka a bayan allon, a gefen ramin ƙafa ta 1, kafin a taɓa komai.

Sai yanzu ƙarfe ke shigowa. Ƙarfen liƙi mai wat 25 zuwa 40 mai siririn baki ya isa, idan kuma mai daidaita zafi ne a sa shi wajen digiri 330 zuwa 350 na ma'aunin Salshiyos. Dalmar da aka saba da ita gaurayen kuza ce da ainihin ƙarfen dalma, kashi 60 da 40, tana narkewa tsakanin digiri 183 da 190, kuma tana da man liƙi a cikinta. Wadda babu ƙarfen dalma a cikinta sai wajen digiri 217 take narkewa, kuma ta fi wuyar sha'ani ga sabon hannu. Kada a kusanci ruwan asid ɗin da masu liƙin bokiti da radiyeto ke amfani da shi, domin yana cin tagulla a hankali bayan an gama aiki. A fara da kaya gajeru, wato wayoyin tsallake da razistoci, sannan soket, sannan kafasitoci da ƙwai, domin idan dogaye suka riga shiga allon ba zai kwanta a tebur ba. Ayisi ba a liƙa ta kai tsaye, soket ake liƙawa a soka ta daga baya. A ɗora bakin ƙarfe ya taɓa zobe da ƙafa tare, a kawo dalmar ta taɓa su, ba bakin ƙarfen ba, a janye dalma, a janye ƙarfe, duka cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. Liƙi mai kyau yana sheƙi, ya hau ƙafar ya kwanta a zoben. Wanda ya dunƙule ya yi dishi-dishi bai kama ba, ko da ido ya ga kamar ya kama.

Wajen shimfiɗa hanyoyi a baya, abu uku ake da su. Ƙafar razista da aka lanƙwasa ta kwanta zuwa rami na gaba ita ce hanya mafi kyau ga gajeren haɗi, don haka kada a yi saurin datse ƙafafu. Ga dogon layi irin na fozitif da nagatif, a fere waya mai tsinke ɗaya, irin ta cikin kebul ɗin intanet, a miƙar da ita, a ɗana ta da dalma a kowane rami na uku ko na huɗu. Hanya ta uku ita ce jan dalma zalla daga zobe zuwa zobe, wadda mutane da yawa ke so saboda tana da kyan gani. Ba na goyon bayanta fiye da ramuka biyu ko uku: tana cin dalma, tana dafa allo, kuma ita ce ke malalewa ta taɓa maƙwabci ta haifar da shot. A kula da kayan da ke da gaba da baya. Zanen da ke jikin kafasita mai gwangwani yana nuna nagatif, doguwar ƙafar LED kuma ita ce fozitif. Wayoyin batir a zira su ta wani rami a fito da su ta wani kafin a liƙa, domin idan an ja, allo ya ɗauki nauyin maimakon liƙin. A yi aiki inda iska ke shiga saboda hayaƙin man liƙi, a kuma wanke hannu da sabulu kafin cin abinci saboda dalma guba ce.

Gwaji ma yana da jerinsa. Tun ayisi ba ta shiga soket ba, a sa mita a wurin ƙara, a taɓa fozitif da nagatif. Idan ta yi ƙara mai ɗorewa akwai shot, a nemo shi kafin a jona batir. A bi zanen ana taɓa kowane haɗi, sannan a taɓa kowace ƙafar soket da maƙwabciyarta don tabbatar da cewa waɗanda bai kamata su haɗu ba ba su haɗu ba. Daga nan a jona batir, a auna: bolt 9 a gurbi na 8 da na 4, sifili a na 1. Sai a cire batir, a soka ayisi tsaginta yana kallon inda alama take, a mayar da wuta. A ƙarshe a goge bayan allon da tsohon buroshin haƙori da sifirit, domin ragowar man liƙi yana da danƙo, ƙurar hunturu tana manne masa, kuma idan damina ta kawo laima wannan datti yakan ba wuta hanyar sulalewa tsakanin zobba.

Wani zai ce duk wannan wahala ce, tunda akwai allon gwaji na roba wanda ake soka kaya ba liƙi. Wannan allo yana da amfaninsa, kuma a kansa ya kamata a fara gwada kowace da'ira kafin a zana tsarinta. Amma ƙananan faifan ƙarfe ne ke riƙe ƙafafu a cikinsa, suna saki da yawan amfani, ba sa son wutar da ta wuce kusan amfiya ɗaya, kuma girgizar babur ɗaya ta isa ta zare waya. Na'urar da za a ɗauka zuwa gaban malamai ko a kafa a jikin bango ba ta zama a kansa. Wani kuma zai ce Veroboard mai layuka ya fi sauri, tunda an riga an shimfiɗa rabin hanyoyin. Gaskiya ne, amma bai kuɓutar da kowa daga takarda ba, sai ma ƙara bukatarta da ya yi. Kowane layi yana haɗa duk abin da ke kansa, don haka dole a yanke tagullar a wuraren da suka dace, musamman tsakanin layukan ƙafafun ayisi biyu, ta hanyar murza bakin dirila mai milimita 3 ko 4 da hannu a kan ramin. Yanka ɗaya da aka manta, ko silin tagulla da ya saura a gefen yankan, ya isa ya haɗa ƙafa ta 1 da ta 8.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa zamanin allo mai ramuka ya wuce, tunda manhaja irin KiCad kyauta ce, kuma masana'antu a Shenzhen ta ƙasar Sin suna buga allo na musamman da kuɗi kaɗan. Ga wanda zai ƙera abu iri ɗaya guda ashirin, ko da'ira mai ƙafafu ɗaruruwa, hujjar ta yi daidai, kuma ban ga dalilin jayayya da ita ba. Amma mai na'ura guda ɗaya zai biya kuɗin aikowa da kuɗin waje, ya jira makonni, kuma idan ya yi kuskure guda ya sake jira. A allo mai ramuka gyaran kuskure aikin minti goma ne. Bayan haka, tunanin da manhajar ke nema shi ne wanda takarda mai gida-gida ke koyarwa: ina kaya zai zauna, ina hanya za ta bi, ina za ta gitta wata. Wanda ya saba da shi a fensir ba ya shan wuya ranar da ya koma kwamfuta.

Sai dai a san iyakar allon, domin tsari mai kyau ya haɗa da sanin abin da ba a ɗora masa. Wutar gida mai bolt 220 zuwa 230 ba ta da wuri a kansa: tazarar da ke tsakanin zobe da zobe ba ta kai milimita ɗaya ba a alluna da yawa, kuma wannan bai isa ya tsare rai ko ya hana gobara ba. Mai koyo ya tsaya a batir ko caja da aka ƙera a masana'anta. Da'irori masu saurin gaske, irin na rediyo mai megahaz masu yawa, suna bukatar shimfiɗar tagulla mai faɗi ta nagatif wadda wannan allo ba shi da ita. Ayisi marasa dogayen ƙafafu masu tazarar milimita 1.27 sai da ɗan allon mahaɗi, ko da yake ƙananan razistoci masu lamba 0805 suna kwanciya daidai tsakanin zobba biyu. Har allon Arduino Uno yana da tarko: tazarar da ke tsakanin fil na 7 da na 8 ba ta bi awon 2.54 ba, don haka ba ya hawa allo mai ramuka kai tsaye, alhali Arduino Nano yana hawa lafiya. Wanda ya auna kayansa a takarda zai gano wannan kafin ya yanka allo.

Saura masu cewa ƙaramar da'ira ba ta cancanci zane ba. Misalin 555 ya riga ya amsa musu: kaya ƙasa da goma, amma ga gittawar waya, ga juyewar fuska, ga kafasitar da dole ta zauna daf da ayisi. Rabin sa'a a takarda ya fi araha a kan yini guda ana farautar shot da mita, kuma zanen yana da wani amfani bayan an gama. Bayan shekara guda, idan na'urar ta tsaya, shi ne zai nuna inda za a ɗora bakin mita, ko mai ita ne zai gyara ko wani. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Saboda haka a rubuta ƙimar kowane kaya a jikin zanen, a sa kwanan wata, a gyara shi duk lokacin da aka canza wani abu a allon, a naɗe shi a ajiye cikin akwatin na'urar.